Maganin Murar Da Na Ba Inna Da Hannuna

Ranar da muka kai Inna makwancinta, kafin mu dawo daga maƙabarta ƙofar gidanmu ta Mungadi ta cika maƙil. An shimfiɗa tabarmi har bakin rijiya. Mutanen Maiyama sun zo, abokan sana'ata 'yan albasa na Aliero sun ciko mota guda, maƙwabtana na unguwar Jega Firchin kuwa wasu sun riga gawar ma isowa. Ni ne babba a ɗakinmu, don haka ni aka zaunar a tsakiya kusa da Kawu, ƙanen Inna. Duk wanda ya zo, hannuna yake fara kamawa.

"Sannu da hanƙuri. Allah Shi jiƙan tsohuwa, Shi sa can ya hi mata nan."

"Amin, amin. Mun gode."

Wannan bai yi mini wuya ba, baki ya saba. Abin da ya yi mini wuya shi ne yabo. Kawu mutum ne da ba ya iya zama shiru, ko a zaman makoki. Da an sami sababbin baƙi sai ya dafa gwiwata ya ce, "Wanga da kuka gani ɗan albarka na. Uwatai ko atishawa ta yi, kahin ta goge hanci ya aiko da magani daga Jega. Shekara da shekaru bai hwasa ba."

Sai a ce madalla, Allah Ya ba shi masu yi masa. Ni kuwa in sunkuyar da kai ina murza carbi. Sun ɗauka tawali'u ne. Kunya ce, irin wadda take sa mutum ya ji rigarsa ta yi masa nauyi. Domin na san abin da nake zaton babu wanda ya sani a wurin: kwana biyar kafin rasuwar Inna ni na ɗura mata maganin mura na kwalba, manyan cokula biyu, alhali tana da hawan jini ban ma sani ba. Washegari ta faɗi. Da likita ya tambaya ko ta sha wani abu, na yi shiru. Da wannan shirun nake zaune a kan tabarma ana sa mini albarka, ina ta tambayar kaina ko zan iya buɗe baki in faɗa, ko kuwa haka zan haɗiye shi har nawa kwanan ya ƙare.

Na ɗauki alƙalami ne don kada a manta da ita, don kuma yabon da aka jibga mini ya koma inda ya dace.

Daga cikin gida, ta bayan katanga, muna jin mata. Ba su cika kuka mai ƙara ba, magana suke yi. Wata na ji ta ce, "To yanzu wa ka auna muna maganin ɗiya?" Wata ta amsa, "Ni kohin da tab ba ni har yau shina nan, na ɗaure shi ga ƙusa." A lokacin ban gane kofin me suke nufi ba. Haka nake da uwata, baƙo ya fi ni sanin ta.

Can gab da magariba wani ɗan kabu-kabu na unguwar ya zo ya durƙusa. Ya yi gaisuwa, ya ƙi tashi. Ya ce shi dai yana da abin faɗa.

"Ni tsohuwag ga ta taɓa ƙwace min makulli. Mura ta kama ni, na sayi kwalba na kahwa kai na kurɓa, ban auna ba. Ga hwasinja na ɗauka za mu Jega. Tana zamne ƙohwag gida, ta dibi kwalba, ta dibi idona, ta taso ta zare makulli ta ƙulle ga bakin zanenta. Na yi magiya, na yi hushi. Tac ce, je ka kwanta, wanga magani barci ka biyo shi. Na koma gindin dalbejiya don in huce, wallahi ban halka ba sai kiran azahar. Da bisa titi barcin nan yak kama ni, da ni da hwasinja sai labari."

Aka yi dariya kaɗan, irin ta gidan makoki. Kawu ya ce ai shi ma bai tsira ba, ta taɓa fizge kwalba daga hannunsa a gaban 'ya'yansa, ta ce tsohon da fitsari ke yi wa gardama ba ya shan wannan sai ya tambayi likita. Kowa yana da labarin ranar da Inna ta hana shi magani. Ni kaɗai ne ba ta hana ba, kuma akwai dalili.

Ni ɗan farinta ne. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan yake nufi. Tun da aka yaye ni aka ba Gwaggo ni, ta tafi da ni Jega, can na girma. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ko a gabana ko a bayana. "Na Jega" take cewa. Ba ta cin abinci ina wurin, ba ta haɗa ido da ni, ba ta yi mini magana kai tsaye. In na shigo gida na durƙusa na gaishe ta, sai ta ɗan juya gefe ta amsa wa iska. In tana da saƙo, ta bakin Auta yake fitowa, ƙanwarmu ta ƙarshe, wadda ta dawo gida da zama bayan rasuwar mijinta. Ina zaune taku uku daga Inna za ta ce, "Auta, tambayi na Jega ko ya ci abinci." Auta ta juyo ta ce, "Yaya, wai ka ci abinci?" In ce na ci. Auta ta juya ta ce ya ci.

In Auta ba ta kusa, kaji ne 'yan aike. Inna tana da wata kaza mai wake-wake da ta sha ɗaukar saƙo tsakaninmu. Ina yaro abin yana ba ni dariya. Da na girma na yi ɗan ƙarfi a kasuwar albasa, sai ya fara ba ni haushi. Daga baya kuma, gaskiya ita ce, ya zame mini sauƙi. Uwar da ba ta tambayar ka kome, kai ma sai ka daina tambayar ta.

Ba wanda ya san Inna da zai manta atishawarta. Duk shekara, da an fara sussukar gero ƙaiƙayi ya tashi, shi ke nan ta shiga uku. Ido ya yi ja, hanci ya yi ta yoyo, atishawa kuwa ba ta zuwa ɗaya. Bakwai take jerawa, wani lokacin tara, kuma bayan kowace sai ta ce alhamdulillahi. Maƙwabta tun suna amsa mata daga bayan zana har suka yi shawara a bari sai ta kai ƙarshe a amsa gaba ɗaya. In ta tsaya a biyar sai ka ji wata ta ɗaga murya, "Saura biyu, Inna!" Ita ma sai ta yi dariya, dariyar ta jawo sauran.

Duk da haka ba ta barin sussuka. Takan ɗaure hanci da tsohon kallabi, in ta gama ta wanke fuska, ta canza zane, ta tafasa ruwa ta lulluɓa ta yi surace. In hancin ya toshe ta shaƙa ruwan gishiri mai ɗumi. Iyakar maganinta ke nan, ni kuwa ina yi masa kallon ƙauyanci.

Yadda ta zama mai tsaron magani a unguwar, a bakin Auta na ji shi bayan rasuwa. Shekara shida da suka wuce ciwon kai ya matsa mata, Auta ta kai ta ƙaramin asibiti aka gwada aka ce hawan jini ne. Daga nan duk wata sai ta je awo. Inna ba ta yi boko ba, amma abin da ya shiga kunnenta ba ya fita. Wata rana ta je da mura, ta nuna wa malamar asibiti kwalbar maganin mura da wata maƙwabciya ta ba ta. Malamar ta zaunar da ita ta yi mata bayani: magani biyu ne aka haɗa a kwalba ɗaya. Ɗaya yana tsayar da atishawa da yoyon hanci da ƙaiƙayin ido, shi ne mai kawo barci da kasala. Ɗayan yana buɗe hancin da ya toshe, amma yana matse hanyoyin jini, yana iya ƙara ɗaga jinin mai hawan jini ya sa zuciya bugu. Ta ce ga mai lafiya, in an auna da kofinsa an sha na 'yan kwanaki, yana taimako. Amma ke, Inna, ba naki ba ne.

Inna ta dawo gida da wannan karatu ta mayar da shi nata. "Ɗaya ka kwantad da kai, ɗaya ka tada jini," haka take faɗa. In ta ga kwalba a hannun mutum, tambaya uku take yi, ba ta canzawa: "Wa yac ce ka sha? Nawa yac ce? Kwana nawa?" Wanda ya kasa amsawa ya ajiye. In mace ta ce ta haɗa na kwalba da na ƙwaya don mura ta yi saurin sakin ta, Inna ta kama haɓa ta ce, "Kin san ko abu guda na ciki? Kin sha na mutum biyu ke nan." Tana kuma da wata kalma da yaran unguwa suka haddace suna tsokanar ta da ita: magani ba fura ba ne da za a kafa kai.

Sau ɗaya muka yi rigima da ita a rayuwa, kuma a kan wannan kwalbar ce.

An yi suna a dangi a Maiyama, na zo da maiɗakina da ɗanmu, lokacin bai fi shekara ɗaya da 'yan watanni ba. Yaron yana ɗan majina, yana ta rigima, ya hana uwarsa sakewa cikin mata. Wata ta ba ta shawara ta ba shi cokali ɗaya na maganin mura ya yi barci. Ta ɗauko ke nan tana jijjigawa, Inna ta miƙo hannu ta karɓe. Ta ce, "Wanga ba na jinjiri ba na. Kuma ba a ba ɗiya magani don uwa ta samu cin shinkahwa." A gaban mata ta faɗa. Maiɗakina ta zo mini da hawaye, ta ce an kunyata ta.

Ni kuma jini ya ɗebe ni. Da muka koma Mungadi na tsaya a tsakar gida, na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "A ƙauye dai kowa likita ne. Wanda bai iya karanta sunan magani ba shi ke hana sha." Inna tana tsugune tana watsa wa kaji tsaki. Ba ta ɗago ba. Ta dubi kazar nan mai wake-wake ta ce, "Ke, ce ma na Jega ɗan nan jikana na. In ya girma shi ɗura mashi abin da yas so."

Wata huɗu ban taka Mungadi ba. Da na huce ma ban koma zuwa yadda na saba ba, sai na koma aike. Abin da Kawu yake yabo ke nan. Da an ce mini an fara sussuka, sai in shiga kemis in sayi kwalba in ba direban motar Maiyama, wata shekarar har sau biyu. Tun da na ɗauki alƙalami don faɗin gaskiya, bari in faɗe ta duka: ba tausayi kaɗai ke cikin aiken nan ba. Akwai gatse. Ina so in nuna mata cewa ni na san magani, kuma wanda ta hana ɗana shi ne dai zai warkar da ita. Kowane lokaci amsa ɗaya take dawowa ta bakin Auta: an gani, an gode, Allah Shi yi albarka.

A bana, ranar kasuwar Jega, wani mutumin Mungadi ya same ni a rumfa ya ce Innarka tana fama, murar bana ta fi ta kullum. Ban san abin da ya taɓa zuciyata ba, na ce yau da kaina zan je. Na biya kemis. Mai shagon, Allah Ya saka masa, ya yi aikinsa. Ya riƙe kwalbar bai miƙo ba, ya ce, "Alhaji, wa za ya sha? Yaro ko babba?"

Na ce tsohuwata.

"Tana da hawan jini? Ko ciwon zuciya, ko na ido? Tana shan wani magani?"

Na ce, "Lahiyatta lau, mura ta kawai. Ba ni in tahi."

Ya ce to a auna da kofin da ke kan murfi, kada a wuce layin da ya nuna mini, in kwana biyar suka wuce ba sauƙi a je asibiti. Na ce na ji. Ban ji ba, ina duban agogo ne. Kuma lafiya lau ɗin da na faɗa, ba ƙarya na yi da gangan ba. Ban sani ba ne, ban kuma taɓa tambaya ba.

Na isa bayan la'asar na tarar da Inna ita kaɗai. Auta ta tafi gaisuwar haihuwa Maiyama. A iya tunanina, ba mu taɓa zama mu biyu rak a gidan nan ba sai ranar. Tana kan tabarma a ƙofar ɗaki, ido ya kumbura, numfashi ta baki. Na durƙusa na gaishe ta, ta juya gefe ta amsa. Ta rame, kuma sai a ranar na lura.

Na ce, "Inna, ana aiko muku magani, ga alama ba ku sha. Yau a gabana za ku sha."

Na ɓalle murfi. Ɗan kofin roban da ke kai na dube shi na ga ya yi mini ƙanƙanta, na wurgar da shi gefe. Na shiga madafa na ɗauko babban cokali na cin shinkafa. A raina, mai yawa shi zai yi saurin aiki.

Inna ta dubi kajin da ke kiwo a gindin turmi. Ta ce, a hankali, "An ce ba kowane magani ka shiga jikina ba."

Na ji ta sarai. Ba zan ce ban ji ba. Wannan ita ce iyakar ƙarar da kunya ta bar ta ta yi, kuma da na ce wa ya ce, me ya sa, da magana ta fito. Amma sai tsohuwar rigimar nan ta taso mini. Na ce, "Ku bar zancen an ce, Inna. Ku buɗe baki."

Sannan ta juyo, ba ta dube ni ba, ta buɗe baki. Na ba ta ɗaya, na ƙara na biyu. Ta haɗiye, ta goge baki da gefen mayafi, ta ce wa kaji, "Allah Shi yi albarka." Na ajiye kwalbar na ce a ƙara bayan isha'i da kuma safe, na hau babur na koma Jega ina jin kaina ɗan kirki.

Washegari da hantsi Auta ta kira ni tana kuka. Inna ta faɗi a bakin turmi, baki ya karkace, hannun dama ba ya motsi. Muka kawo ta babban asibiti a Jega. Likita ya gwada jini ya girgiza kai, ya tambayi magungunan da take sha. Auta ta kwance ƙullin leda ta zube ƙwayoyi, ta ce na hawan jini ne, shekara shida ke nan. Ni da nake aike duk shekara, a bakin ƙanwata a gaban baƙo na fara jin ciwon uwata.

Likita ya ce, "Kwanan nan ta sha wani abu daban? Maganin mura, ko na gargajiya?"

Auta ta ce, "A'a. Ba ta shan maganin mura."

Ya dube ni. Na dubi takalmina. Ba tsoron hukuma na ji ba, tsoron idon Auta na ji, da na Kawu, da abin da za a ce a kasuwa. Inna ta yi kwana huɗu a gadon nan ba ta magana sosai. Ina zuwa safe da yamma da kwanon abinci, ina tsayawa daga ƙofa kamar yadda muka saba. A rana ta huɗu da azahar ta cika.

Ranar addu'ar uku, da sassafe kafin malamai su taru, Auta ta aiko a kira ni ɗakin Inna. Na shiga na tarar ta jawo tsohuwar adakar ƙarfe daga ƙarƙashin gado, wadda Inna take ajiye likkafaninta a ciki. Ta ce, "Yaya, zamna. Ranad da na buɗe in ɗauko likkahwani na gan su. Na san tana ɓoye su, amma ban san nan ta ba."

Kwalabe ne a jere, an naɗe kowace da tsumma. Na ƙirga tara. Duk wanda na taɓa aikowa yana nan, ba a ɓalle murfin ko ɗaya ba, wasu har takardar jikinsu ta yi ja. Ba ta sha ba, don an hana ta. Ba ta ba kowa ba, don ba ta ba da maganin da ba a ce mutum ya sha ba. Ba ta kuma zubar ba, don daga hannun na Jega suka fito. Kofunan kaɗai ta cire. Auta ta ce kofunan ne Inna take ba masu jego da masu ƙananan yara, ta ce su je asibiti a nuna musu layin da za su tsaya, in sun dawo ta karce wurin da wuƙa don kada su manta. Kofin da na ji mata suna zance ke nan.

Sai Auta ta ɗauko ta goma daga bayan tulu ta ajiye a gabana. An ɓalle murfinta, ruwan ya ɗan sauka daga wuya. Cokali biyu, ba a ƙara ba.

Na buɗe baki, ta ɗaga mini hannu. Ta ce, "Na sani, Yaya. Tun ranan nan na sani."

Ta ce da ta dawo daga Maiyama da magariba ta tarar da Inna tana dafe da kai, tana cewa ƙirjinta na bugawa, amma fuskarta a sake kamar an yi mata albishir. Ta ce, "Na Jega ya zo. Nan yaz zamna. Ya ba ni magani da hannunai." Auta ta ce ta saki salati, ta ce Inna kin sha? Inna ta ce, "To mi za ni yi, in ture hannunai? Tun da anka ɗauke shi daga bayana bai taɓa kai min abu baki ba sai yau." Auta ta ce su tafi asibiti a gwada jini, Inna ta ce a bari sai da safe. Sannan ta kama hannun Auta ta ce, "In wani abu ya hwaru, ba ki gani ba, ba ki ji ba."

"Shi yas sa na ce ma likita a'a," in ji Auta. "Ni ma na ɗauki nawa, Yaya. Da na matsa mun tai tun ranan nan, da na hwaɗa mashi gaskiya. Amma ni umurni na bi."

Ba ta ƙarasa ba, ba sai ta ƙarasa ba. Ita umurni ta bi. Ni ba wanda ya umurce ni.

Na fito na zauna a tabarma. Malamai suka yi addu'a aka shafa, aka raba gumba da goro. Wasu baƙi suka iso daga Aliero, Kawu ya dafa gwiwata ya fara, "Wanga da kuka gani..." Na riƙe hannunsa. Na ce Kawu, ku dakata. Na faɗa musu, tun daga tambayar mai kemis har zuwa takalmin da na duba a gaban likita. Ban rage kome ba sai maganar Auta, wadda sai yanzu da izininta na rubuta.

Wani malami ya ce kwana ne ya ƙare, ba mai wuce wa'adinsa. Aka ce haka ne, kuma haka ɗin ne. Kawu ya jira har mutane suka ragu. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kowa ag garin ga ya san tana da hawan jini. Mun ɗauka ka sani." Tun daga ranar bai sake dafa gwiwata ba, kuma na fi jin daɗin hakan.

Bayan addu'ar bakwai na koma wurin likitan na gaya masa. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce ba zai iya ce mini maganin ne ya jawo ba, ba zai kuma iya ce mini ba shi ba ne. Jininta ya daɗe yana sama, irin wannan faɗuwar tana iya zuwa ko ba a sha kome ba. Amma bai kamata a ba ta ba, balle da wannan cokalin, kuma da ya so a gaya masa ranar da ya tambaya. Na so ya yanke mini ɗaya, ko ya wanke ni ko ya hukunta ni. Bai yanke ba, kuma da haka zan zauna.

Allah Ka yafe wa Inna, Ka haskaka kabarinta, Ka saka mata da kowane yaro da aka auna wa magani daidai saboda ita, da kowane mai babur da ya kwana a gidansa. Ka yafe wa Auta. Ni kuma Ka dube ni da rahama, don Inna ta riga ta rufa mini asiri tun ban nema ba.

Ranar da zan bar Mungadi, na ɗaure kaya a babur, Auta ta biyo ni zaure da wani abu a dunƙule a hannu. Ta ce akwai saura. A asibiti, kwana ɗaya kafin rasuwa, bakin Inna ya ɗan saki, ta ba ta saƙo. Ta buɗe hannu. Ɗan kofin roban nan ne da na wurgar a tsakar gida. Bayan tafiyata Inna ta tashi ta tsince shi, ta wanke, ta ƙulle a bakin zanenta, da shi aka kai ta asibiti.

Na ce me ta ce?

Auta ta ce, "Cewa ta yi, ki ba na Jega. Shina da ɗiya ƙanana."